Neman Sirrin Ɗaurin Guga a Ƙasar Bauchi

Sau uku ina gina ƙaramin soro a kan teburina a Gombe, sau uku kuma rufinsa yana ruftawa. Tun ina yaro nake da sha'awar ƙera ƙananan abubuwa, daga motar kara da muke haɗawa da sille bayan an girbe dawa har zuwa gidajen kwali, kuma ko da na girma na kama aikin koyarwa ban bar wannan sha'awa ba, sai dai ta karkata gaba ɗaya zuwa ga gine-gine. Na yi samfurin masallacin unguwarmu, na yi na makarantar da na fara koyarwa a cikinta, duk da kwali da gam da reza, ba tare da wata wahala ba, domin ginin bulo da kwano gini ne mai miƙaƙƙun layuka, wanda duk ya iya awo zai iya kwaikwayonsa. Amma da na ce zan yi soron ƙasa irin na da, mai rufin ɗaurin guga, wato rufin da bakuna suke ɗauke da shi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, kuma da laka ta gaske, sai abin ya gagare ni. Nakan tankwara kwali ya zama baka, in ɗora laka a kansa, in jira ta bushe, amma da zarar na zare kwalin sai bakan ya tsage daga tsakiya ya zube. Hotunan da na tara daga intanet ba su amfane ni ba, saboda yaɓe da zane kawai suke nunawa, abin da yake riƙe da rufin kuwa yana ɓoye a cikin ƙasa. Daga nan na yanke shawarar in je Bauchi in gani da idona, tunda a ƙasar Bauchi ne Gidan Madaki yake, tsohon gidan ƙasa mai irin wannan rufi a garin Kafin Madaki, kuma a can ɗan ƙanwata yake karatun zanen gine-gine, ga shi kuma ina da goggo a cikin gari wadda na daɗe ban je na gaishe ta ba.

Na bar Gombe da sassafe a ƙarshen watan Maris, lokacin da zafi ya kankama, ɗauke da jaka mai ɗauke da tef ɗin awo da littafin zane da wani gwangwani da na zuba ɓaraguzan bakan da ya rushe a ciki. Tafiyar kilomita 150 ce da 'yan kai, kuma har zuwa 1996 da mu da su duk jiha ɗaya muke. A hanya rufin gidaje na yi ta kallo. Daga bayan gari har Alkaleri abin da ido ya fi gani shi ne kwano yana ƙyalli a rana, sai jefi-jefi ɗakunan ciyawa da rumbuna, soron ƙasa mai indararo kuwa sai an dace. Na kuma riƙa duba giginya a bakin fadamu, domin na san daga jikinta ake fasa azara, na ga ba ta kai yawan da na sani ba a lokacin ƙuruciyata. A Dindima muka haye gadar Kogin Gongola, wanda ya janye ya bar yashi fari fat da 'yan zirin ruwa, ba da jimawa ba duwatsun Bauchi suka fara bayyana.

Ɗan ƙanwata ya tarye ni a tasha, ya kai ni wajen mai masa a kusa da Wunti, domin a cewarsa ba a fara zancen gini da yunwa. Bayan mun ci mun wanke hannu na buɗe masa gwangwanin, ya ɗauki ɓaraguzan yana juya su a tafin hannunsa. Yana karatu ne a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya kafin a sa mata wannan suna a 1988, kuma su ma yin samfurin gini wani ɓangare ne na karatunsu, sai dai nasu da farin kwali mai kauri suke yi, a kan ma'aunin da santimita ɗaya take tsayawa a madadin 50 ko 100. Ya nuna mini wasu ayyukansa a waya, masu tsabta ƙwarai. Sai ya ce, "Kawu, kuskuren da ka yi shi ne ka ɗauki bakan ƙasa kamar bakan dutse. Na dutse, duwatsun ne suke matse juna su tsaya. Na ƙasa kuwa azara ce a cikinsa. Amma ni ma a takarda na san wannan, ban taɓa ganin ana ɗaurawa ba." Maganarsa ta ba ni rabin amsa, ta kuma ƙara mini ƙishirwar ganin sauran rabin.

Da yamma muka zaga cikin gari a kan babur. Malam Yakubu, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa garin a 1809, ya kewaye shi da ganuwa mai tsawon fiye da kilomita goma. Yanzu gidaje sun cinye yawancin ganuwar, amma sunayen ƙofofi suna nan a bakin mutane kullum, Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Wambai da Ƙofar Dumi da Ƙofar Jahun da sauransu, da su ake yi wa baƙo kwatance. Ban daɗe a nan ba, domin abin da nake nema ba a jikin ƙofa yake ba.

Inda na daɗe fiye da yadda na yi niyya shi ne kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka haifa a 1912, aka kashe shi a juyin mulkin watan Janairun 1966. An buɗe ginin da ya kewaye kabarin a 1979, kuma gini ne na kankare, ba ruwansa da ƙasa ko azara, amma ya koya mini abin da ban zo nema ba. Daga waje ba shi da wani ado, katanga ce mai tsayi kawai. Da ka shiga sai duhu ya rufe ka, ka riƙa bin wata hanya mai hawa sannu a hankali kana lalube, can gaba haske ya fara kutsowa kaɗan-kaɗan, har ka fito fili inda babu rufi sam, sai sararin sama a bisanka da kabarin a ƙasa, kabari irin na kowane Musulmi, ba tare da wani ƙawa ba. Jami'in da ya zaga da mu ya bayyana cewa duhun nan yana nuni ne da zamanin mulkin mallaka, hasken yana nuni da samun 'yancin kai, ƙananan tayil masu launi daban-daban da aka manna a bango kuma suna wakiltar ƙabilun Nijeriya, rashin rufin kuwa sauƙin kan marigayin ne da rayuwarsa wadda ba ta da ɓoye-ɓoye.

Muka yi masa addu'a, sa'an nan na tsaya ina tunanin yadda mutum zai yi samfurin wannan wuri. Zan iya auna katangun in yanka su da kwali cikin yini biyu, amma abin da ya sa ginin ya zama abin da yake shi ne tafiyar da mutum yake yi da ƙafarsa daga duhu zuwa haske, kuma wannan ba ya shiga tef ɗin awo. Mai samfuri daga sama yake kallon aikinsa, kamar shaho, alhali wanda ya tsara wannan gini ya tsara shi ne domin idon mutumin da yake ciki. Na rubuta a littafina cewa duk samfurin da zan sake yi sai na bar wurin da za a sa ido a daidai tsayin ƙofa a leƙa ciki.

Kashegari bayan sallar asuba muka kama hanyar Ningi, muka wuce Gubi, muka nufi Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa, tafiyar kimanin kilomita 45 arewa da Bauchi. Sunan garin kansa yana ba da tarihinsa, domin kafi gari ne na tsaro, kuma a nan Madakin Bauchi ya zauna yana tsare wannan gefe na masarautar a zamanin yaƙe-yaƙe da Ningi. Gidan da muka zo gani an gina shi ne wajen 1860, kuma ana danganta shi ga Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ake cewa shi ne ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. A 1956, tun kafin samun 'yancin kai, aka sanya gidan cikin wuraren tarihi na ƙasa, yana daga cikin na farko-farko da suka sami wannan matsayi a Nijeriya. Mutanen garin ba sa ma kiran ginin da wani dogon suna, Babban Gwani kawai suke cewa, sunan magini ya zama sunan gini.

Muka yi sallama, muka gabatar da kanmu, aka haɗa mu da wanda zai shiga da mu. Rana ta riga ta ɗaga, gumi ya jiƙe mini riga, amma ina tsallaka bakin ƙofa sai na ji kamar an zuba mini ruwan randa. Wannan sanyi ba na iska mai kaɗawa ba ne, sanyi ne da yake zaune a cikin ɗakin, saboda katanga mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, ba ta sake shi sai dare ya yi. Na tsaya a bakin ƙofa na miƙa hannuna a kan kaurin katangar, tsawon hannun bai ƙure shi ba. Sai da idona ya saba da ƙarancin haske sa'an nan na ɗaga kai, kuma a nan na ga abin da ya kawo ni. Bakuna ne suke tasowa daga jikin bango, masu kauri daga ƙasa, suna tankwarawa sannu a hankali har su haɗu a sama, suna raba rufin gida-gida, a cikin kowane gida kuma an jera azara a karkace, wannan layi yana fuskantar nan, wancan yana fuskantar can, kamar saƙar tabarma. Azarar ta yi baƙi don tsufa. Abin da ya fi burge ni shi ne babu wani abu a rufin nan da aka sa don ado kaɗai, jerin azarar da yake ƙawata ido shi ne kuma yake ɗauke da ƙasar da take sama.

Na zauna a ƙasa na jingina da bango na fara zane, ɗan ƙanwata yana riƙe mini bakin tef. Nan da nan na lura da abin da hoto bai taɓa nuna mini ba, wato babu baka biyu da suke daidai da juna ƙwarai, kuma babu kusurwa mai kaifi ko ɗaya a ɗakin. Ko'ina hannu ya shafe shi ya zama mai laushi a ido, har inda bango ya haɗu da baka ba ka iya cewa ga inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Na fahimci dalilin da ya sa samfurina na kwali suke fitowa kamar ofis ko da na yi musu zankwaye a kusurwoyi. Reza tana yanka miƙaƙƙen layi, tafin hannu kuwa ba ya yi. A Jos akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya inda aka sake gina kwafin masallacin Zariya da wani yanki na ganuwar Kano da girmansu na gaske, kuma na taɓa ziyartarsa shekarun baya, amma a lokacin kallon baƙo na yi musu, ban yi kallon mai son ya gina ba.

Akwai labarin da ake bayarwa cewa wani sarki ne ya sa aka kashe Babban Gwani don kada ya gina wa wani abin da ya fi nasa. Na ji shi tun ina yaro, na kuma sake jin sa a ranar daga bakin wani dattijo a ƙofar gidan. Abin da labarin yake nunawa a wajena shi ne irin darajar da magini yake da ita a wancan zamani, har sarakuna suna kishi a kan hannunsa. Duk da haka na bar Kafin Madaki da sauran tambaya, domin na ga bakan a gama, a yaɓe, amma ban ga cikinsa ba.

Allah da ikonsa, a unguwar goggona na sami cikon amsar. Da muka isa da la'asar sai na tarar ana gyaran zauren wani maƙwabcinta, wanda gefe ɗaya na rufinsa ya zauna tun daminar bara, an kuma kira wani tsohon magini ya sake ɗaure shi kafin ruwa ya sauka. An riga an kankare ƙasar baka ɗaya, azararsa tana waje tsirara. Na manta da gajiya, na matsa na ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya amsa daga kan tsani ba tare da ya juyo ba, sai da ya gama ɗaurin da yake yi sa'an nan ya sauko, muka gaisa sosai. Na gaya masa abin da ya kawo ni daga Gombe, na buɗe masa gwangwanin. Ya ɗauki guntun lakar ya murje shi da yatsa, ya ce, "Malam, ai ka gina nama babu ƙashi. Ƙasa ba ta tsayawa a sama ita kaɗai, sai an ba ta abin da za ta kama."

Ya ja ni ƙarƙashin bakan ya nuna mini da sanda. Azara guda, in ji shi, ba a amince mata ta tsallake fiye da kamu huɗu ba tare da abin tokare ta ba, wato wajen mita biyu ba kaɗan, in ta wuce haka nauyin ƙasa zai lanƙwasa ta. To yaya za a rufe ɗakin da ya ninka haka sau biyu ko sau uku ba tare da an kafa ginshiƙi a tsakiya ba? Sai a fara tun daga cikin bango. Ana binne gindin azara a katanga tun ana cikin gini, bakinta ya leƙo cikin ɗaki yana kallon sama, a ɗora mata nauyin katanga a baya don kada ta tuntsura. Wannan ita ce ƙafar guga. Sai a kawo wasu azarorin a ɗora a kan na farko, rabinsu a kwance a jikin na ƙasa an ɗaure su tamau da igiya, rabin kuma ya ƙara miƙewa gaba, ya ƙara kwantawa kaɗan. A lulluɓe da ƙasa, a bar shi ya bushe. Haka za a yi ta yi daga wannan bango da wancan, hawa bayan hawa, har hannayen biyu su kusanci juna a sama, sa'an nan a ɗora azarar da za ta haɗa su. Idan baka biyu suka gicciye juna a tsakiyar ɗaki, sai su yi kama da yadda ake ɗaure bakin gugan rijiya da itace biyu a gicciye, daga nan sunan ya samo asali.

Na tambaye shi ko ba a iya yin dukan hawan a yini ɗaya. Ya girgiza kai ya ce wanda ya yi haka zai kwashe ƙasarsa a ƙasa, domin ɗanyar ƙasa nauyi gare ta kuma ba ta da ƙarfi, sai ta bushe take kama azara ta zama abu ɗaya da ita. Saboda haka ne ake gini da rani. Nan na gane kuskurena na biyu, domin ni a zama ɗaya nake ɗora lakar baka gaba ɗaya. Ya ci gaba da cewa bayan bakuna sun tsaya sai a jera gajerun azara a tsakaninsu, a shimfiɗa zana ko asabari a kai don kada ƙasa ta zubo, a ɗora ƙasa, a karkata ta yadda ruwa zai gangara zuwa indararo. Azara kuma ta namijin giginya ake so, wadda ta ƙosa, saboda gara ba ta iya cin ta.

Yaransa biyu suna gefe suna kwaɓa jar ƙasa da ƙafa, an zuba mata yankakkiyar ciyawa, ga kuma tubala a jere a rana, kowanne an mulmula shi da hannu, mai faɗi a gindi da tsini a sama. Ya ce tsinin ne yake kallon sama idan ana jerawa, a cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, katanga ta fara da kauri a ƙasa tana raguwa yayin da take hawa. A wani tsohon baho kuma an jiƙa kwasfar ɗorawa, ruwan ya yi ja ya yi duhu, wannan ita ce makuba da ake shafe bango da ita don ruwa ya riƙa zamewa. Ya ce a da rufin masu hali da laso ake shafe shi, wanda ake haɗawa da katsin da ake kwasowa daga marina da gashin awaki daga majema da ruwan dafara, amma yanzu marinar ma ta yi ƙaranci, balle katsinta. Ya faɗi wannan ba da ƙorafi ba, kamar mai ba da labarin farashin kasuwa. Ɗan ƙanwata, wanda tun ɗazu yake ɗaukar hoto, ya ajiye wayar ya nemi izini ya hau tsanin, ya sa hannu ya taɓa igiyar ɗaurin.

Ba zan ga laifin wanda ya rushe soronsa ya yi na bulo ba. Ginin ƙasa yana son a duba shi kowace shekara kafin damina, a toshe tsaga, a gyara indararo, a sake yaɓe, kuma shekara biyu ko uku na sakaci sun isa su kawo abin da ya sami zauren nan. Azara ta yi tsada, masu iya ɗaurin sun tsufa, mai gida kuma yana da kuɗin makaranta da na asibiti a gabansa. Amma abin da yake damuna shi ne wannan ilimi ba a rubuce yake ba, a hannu yake, kuma idan hannun ya tafi, gine-ginen da suka rage za su zama abin kallo da ba wanda ya san yadda aka yi su.

Da magariba ta gabato na shiga wajen goggo. Ta yi mini faɗan daɗewa ban zo ba, ta ce, "Ɗan nan, ashe sai ƙasa da itace ne za su kawo ka Bauchi?" Na ba ta haƙuri, ta sa aka kawo mini fura. Ɗakinta shigifa ce ta ƙasa, daɓen ya sha makuba ya yi santsi yana ɗaukar ido, bangon kuma an shafe shi da farar ƙasa daga sama, daga ƙasa an bar shi ja daidai inda bayan mai zama yake taɓawa. A bangon da yake fuskantar ƙofa jerenta yake, tasoshi da kwanonin sha da fantekoki masu furanni, an ɗora ƙarami a kan babba har kusan rufi, wasu tun na aurenta. Da hasken ƙofa ya faɗa a kansu sai su mayar da shi cikin ɗakin, wanda tagarsa ɗaya ce ƙarama can sama. Na daɗe ina ɗaukar jere a matsayin nuna arzikin amarya kawai, amma a ɗaki mai duhu irin wannan na ga yana yin aikin madubi. Akwai 'yan ramuka da aka fafe a jikin bango tun lokacin gini, ɗaya na fitila, ɗaya na Alƙur'ani da carbi, ga gadon ƙarfe mai rumfa, ga tabarma a naɗe a kusurwa. Ta ce jikokinta sun matsa a fasa ɗakin a sa tayil da sili irin na zamani, ita kuwa ta ce su bari sai bayan ranta, domin ɗakunansu na kwano ba sa kwantuwa a watan nan sai an fito tsakar gida.

Na roƙe ta ta bar ni in auna ɗakin, ta yi mamaki amma ta yarda. Na auna tsayin ramin fitila daga ƙasa, na ƙirga kwanonin jere, na zana yadda suke hawa. A nan na yanke shawarar cewa samfurin da zan yi ba zai zama fanko ba, zai sami jere da gado da tabarma, domin ɗakin da babu kayan mai shi a ciki bai gama zama ɗaki ba.

Kafin in bar Bauchi na koma wajen maginin na yi masa sallama, ya ba ni wani guntun tsohuwar azara da aka cire daga zauren, mai tsawon tafin hannu, baƙa, mai nauyi kamar ƙarfe, zaruruwanta a miƙe kamar an jera allurai. Ya ce in nemi abin da ya yi kama da ita a ƙanƙance. A mota ina komawa Gombe na yi ta juya ta a hannu ina lissafi. Idan na ɗauki ma'aunin santimita ɗaya a madadin 20, azara mai kamu huɗu za ta zama santimita 9, kuma abin da ya fi kama da ita a wannan girma shi ne tsinken tsintsiyar kwakwa, wanda shi ma daga dangin giginya ya fito.

Na fara aiki mako guda bayan dawowata. Na tankaɗe jar ƙasa da rariya, na haɗa ta da ɗan yashi mai laushi da zaren buhu da na yayyanka a madadin ciyawa, na mulmula tubala masu girman ƙwayar gyaɗa, na shanya su a kan faranti. Da katanga ta kai inda ƙafar guga za ta fara, na binne tsinke uku-uku a kowane gefe, na bar su kwana biyu. Sa'an nan na ɗaura hawa na biyu da zaren ɗinki, na lulluɓe, na sake jira. Hawa huɗu na yi a kowane gefe, kuma aikin da a da nake gamawa a yammaci ɗaya ya ɗauke ni kwana goma sha ɗaya. Ranar da na ɗora tsinken da ya haɗa hannayen biyu babu kwali a ƙarƙashinsa, babu abin da zan zare. Baka ɗaya na yaɓe shi na shafe da ɗan yatsa har ya yi laushi, ɗayan kuma na bar rabinsa tsirara, tsinke da zare a waje, yadda na gan shi a zauren maƙwabcin goggo. Na yanke gefe ɗaya na katangar a daidai tsayin ƙofa don mai kallo ya sunkuya ya leƙa, na jera 'yan kwanoni da na yanka daga murfin kwalba a bangon da yake fuskantarsa. Na aika wa ɗan ƙanwata hoton, na ce ya kai wa Baba magini ya gani. Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce tsohon ya daɗe yana duban wayar, sa'an nan ya ce a gaya mini ƙafar gugan ta hagu ta fi ta dama tsayi kaɗan, in gyara kafin in ɗora rufi.